Gida Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Tun da aka rufe tagogin ɗakin taro aka haska taswirar a bango, Valdirene ta san yau sai ranta ya ɓaci. Shekara goma sha takwas ke nan tana zaune a teburin karɓar marasa lafiya na asibitin Porto Lindalva. Duk yaron da ya shigo asibitin, ko ya fita da ƙafarsa ko aka fita da shi a naɗe, takardarsa ta hannunta ta bi. Shi ya sa ma aka kira ta taron na ranar Litinin, aka ba ta kujerar roba a can ƙarshe, ƙarƙashin fankar da ta daina juyawa tun bara.

Mai bayanin wani matashi ne siriri, Dokta Tarcísio, da aka turo daga babban birni. Ba likitan allura ba ne, na lissafi ne. Ya zo da wata manhaja mai koyo da kanta a cikin kwamfutarsa. Ya ɗura mata bayanan haihuwa da mutuwar yara na shekara goma sha takwas, nasu da na wasu garuruwan bakin kogi sama da ɗari, ya ƙara mata da yawan ruwan sama da cikar kogi da allurar rigakafi da zurfin karatun iyaye mata. Ita kuma ta haɗiye duka, ta fito da hasashen inda yara 'yan ƙasa da shekara biyar za su fi mutuwa nan da shekara biyar masu zuwa.

"Inda kuka ga kore, lafiya lau ne," in ji shi. "Ja kuwa, nan ne ya kamata hankalinmu ya tashi."

Valdirene ta gyara tabarau. Kogin Tapuru, tun daga bakin gari har can inda sai an yi kwana uku a kwalekwale, kore ne shar kamar ganyen ayaba. Ƙauyuka arba'in da wani abu, babu famfo, babu wuta, babu ko ɗakin shan magani, amma wai yara biyu kacal suka mutu a can cikin shekara goma sha takwas. Jan kuwa ɗigo ɗaya ne, a cikin gari, a kan Rua das Mangueiras, wani ɗan layi da ke bayan tashar jiragen ruwa, tafiyar minti biyar daga ƙofar asibiti.

Seu Aldemir, sakataren lafiya na garin, sai washe baki yake yi. Kafin surukinsa ya zama magajin gari, injinan kwalekwale yake sayarwa, kuma har yau idan aka yi masa maganar rigakafi sai ka ga idonsa ya tafi wani wuri. Amma kore da ja ya gane su sarai.

"To ai magana ta ƙare," ya ce. "Mutanen kogi sun fi mu lafiya. Iska mai kyau, kifi sabo. Mu nan ne muke mutuwa. Ranar Juma'a majalisa za ta sa hannu, a ɗaure Boa Hora a tasha, a kwaso likitansa da nas ɗinsa a buɗe musu ƙaramin asibiti a layin nan."

Boa Hora shi ne jirgin asibitin da ke hawa kogin sau biyu a wata. Shi ke kai allurar rigakafi da maganin tsutsa da gishirin gudawa, shi ke awon masu ciki, shi ke sauko da wanda jikinsa ya yi tsanani. In ka ɗauke shi, abin da ya rage wa mutanen Tapuru shi ne addu'a da saiwoyi.

Valdirene ta ɗaga hannu. Ba ta yi niyya ba, hannun ne ya riga ta.

"Dokta, ka taɓa hawa kogin nan kuwa?"

"Ban samu dama ba tukuna, Dona Valdirene."

"To ita na'urar taka fa, ta taɓa hawa?"

Aka yi 'yar dariya. Shi bai ji haushi ba, kuma wannan ya ƙara mata takaici, don mutumin da ba ya jin haushi wuyar faɗa gare shi. Cikin ladabi ya bayyana mata cewa ya gwada manhajar: ya ɓoye mata shekara uku na ƙarshe, ya ce ta yi hasashensu, kuma abin da ta faɗa ya yi kusan daidai da abin da ke rubuce a asibiti.

Valdirene ta ce a ranta: Ina zai ƙi yin daidai da abin da ke rubuce? Ai ita ta rubuta.

Ga yadda abin yake. Haihuwa a kogi ake yin ta, a hannun ungozoma, kuma idan Boa Hora ya zo, nas ta rubuta jaririn a takarda da sunan ƙauyensa. Mutuwa kuwa, wadda ake rubutawa, a asibitin gari take faruwa, kuma a asibiti babu takarda, kwamfuta ce. Wanda ya tsara fom ɗin kwamfutar, Allah kaɗai ya san a wane bene yake zaune, ya sa gurbi biyu masu jan tauraro: sunan layi da lambar gida. In ba ka cike su ba, fom ba ya wucewa. In fom bai wuce ba, ba a buɗe kati. In babu kati, ɗakin magani ba ya ba da ko ƙwaya ɗaya.

To mutumin kogi ka tambaye shi lambar gida? Cewa zai yi, in ka wuce tafki na biyu, bayan babban itacen da tsawa ta raba, gidan da ke da shuɗin kwalekwale. Valdirene ta gwada rubuta wannan a satinta na farko. Kwamfuta ta ƙi. Ta sa sifili, ta ƙi. Ta sa sunan ƙauye a gurbin layi, ta ce babu wannan layi a garin. Ga uwa tsaye a gabanta da yaro idonsa ya faɗa ciki. Sai tsohuwar ma'aikaciyar da ta gada ta miƙo hannu ta bayan kafaɗarta ta buga: Rua das Mangueiras, 47. Gidan Dona Bastiana ke nan, inda duk mutumin kogi ke sauka idan ya shigo gari. Fom ya wuce, aka yi wa yaron ƙarin ruwa, ya rayu. Tun daga ranar haka Valdirene take yi, kuma duk wanda ya zo bayanta ita ta koya masa.

Wannan duka yana bakinta a ɗakin taron, amma ta haɗiye. Gaskiya ita ce tsoro ta ji. Shigar da bayanin ƙarya a kwamfutar gwamnati laifi ne mai suna a doka, kuma saura mata shekara biyu ta yi ritaya.

Washegari da hantsi sai ga Dokta Tarcísio a gaban teburinta, gumi ya jiƙa masa riga, idonsa na ƙyalli irin na wanda ya tsinci abu.

"Dona Valdirene, na ƙara dubawa. Ba ma layin ba ne gaba ɗaya. Gida ɗaya ne. Lamba arba'in da bakwai. Yara sittin da uku a gida ɗaya."

"Sittin da uku," ta ce, tana jera katunan da ba su buƙatar jerawa.

"Ko dai rijiyarsu ce, ko akwai wani abu a ƙasar wurin. Na taɓa ganin inda ake fasa tsofaffin batura a bayan gida, dalma ta shiga ruwa. Na zo da kwalaben gwaji. Za ki iya raka ni? An ce kin san kowa a garin nan."

Ta dube shi. Da ma mugu ne ko mai girman kai, da abin ya fi mata sauƙi. Amma ga shi nan da kwalabe a jaka, zai je ya ceci yaran da ba su taɓa zama a gidan ba. Ta yi tsaki a hankali, ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe mata tebur, ta ɗauki lema.

Gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu, gabansa ƙarami, amma bayansa wata doguwar rumfa ce da ta miƙe har kusa da ruwa. Jikin ginshiƙanta duk ƙugiyoyin ƙarfe ne na rataya ragar kwanciya, sun fi talatin. A ranar, mata biyu ne kawai a kwance, ɗaya da tsohon ciki. Dona Bastiana tana zaune a kan turmi tana goga rogo. 'Yar tsohuwa ce ƙarama mai shekara saba'in da shida, wadda ita ma daga kogin ta sauko tun tana da ƙarfinta. Ba ta taɓa tambayar baƙo komai ba. Mai kifi ya ajiye kifi, mai garin rogo ya ajiye gari, wanda ba shi da komai ya rataya ragarsa ya kwanta.

"'Yata, yau ke ce da rana tsaka? Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Dona Bastiana. Baƙo na kawo miki. Dokta ne, daga birni."

"Dokta? Wannan?" Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "A birnin ba a ba su abinci ne? Zauna, ɗana. Kofi yana kan wuta."

Ya zauna, ya sha kofin da ya kusa rabi sukari, sannan ya fito da kwalabensa ya nemi izinin ɗiban ruwan rijiya.

"Ruwana za ka gwada? Me ya yi maka? Shekara arba'in ina shan sa, dube ni. Haƙora uku kawai na rasa, su ma ba ruwa ya cire su ba."

"Ba zargi ba ne, Dona Bastiana. Sai dai bayananmu sun nuna yara da yawa sun rasu daga gidan nan."

"Daga wane gida?"

"Wannan. Sittin da uku, cikin shekara goma sha takwas."

Tsohuwar ta ajiye rogon. "Ɗana, yaro na ƙarshe da ya tashi a gidan nan shi ne Edivaldo, kuma yanzu yana birnin Manaus da tumbi da furfura. Ko kaza ba ta mutuwa a gidan nan sai in ni na yanka ta. Wane maƙaryaci ne ya faɗa maka haka?"

Valdirene ta kafa wa rufin ido.

Dokta Tarcísio ya rikice. Ya buɗe jaka ya zaro takardu, ya ce wataƙila kuskuren lamba ne, bari ya karanta ko suna ɗaya ta ji. "Joelma Pantoja, wata bakwai."

Dona Bastiana ta ɗago kai. Ta goge hannunta a jikin siket.

"'Yar Marilza ce," ta ce. "Daga Lago Preto. Gudawa. Kwana biyu suna tuƙi, man injin ya ƙare musu a hanya. Waccan ƙugiyar ta uku uwar ta rataya ragarta. Karanta na gaba."

"Cleiton Barroso, shekara biyu."

"Boca do Tatu. Ƙirji ne ya kama shi. Ubansa ya ɗauko shi, uwar tana jego. Na gaba."

Haka suka yi ta yi. Yana karantawa, tana faɗin ƙauye da ciwo da wanda ya kawo yaron. Wani wuri ta yi jim ta ce a'a, wannan ba na Lago Preto ba ne, na Lago Pretinho ne, kada ka haɗa su, ba sa ga maciji da juna. Wajen suna na goma ya daina kallon kwalabensa, ya ciro biro ya fara rubutu a gefen takardar. Kofi ya huce. Mai tsohon cikin ta sauko daga raga ta matso, da aka zo kan wani suna ta ce a hankali, wannan ɗan yayata ne. Cikin sittin da uku, Dona Bastiana ta san hamsin da takwas. Sauran biyar ɗin, ba tare da kowa ya tambaye ta ba, Valdirene ta faɗa.

Sai a lokacin ya juyo ya dube ta.

"To wa ya sa musu wannan adireshin?"

"Au, ba ki faɗa masa ba?" in ji Dona Bastiana. "Kin bar yaro ya ɗauko kwalabe cikin ranar nan?"

Abin da Valdirene ta haɗiye tun jiya ya taso mata gaba ɗaya.

"Ni na sa. Ni ce. Kuma da za a mai da ni baya, sai in sake sawa. Ka taɓa tsayawa gaban uwa, ɗanta yana numfashi da ƙyar, ka ce mata ta dakata kwamfuta tana son lambar gida? Sau uku ina rubuta takarda a gyara gurbin nan. Sau ɗaya aka ba ni amsa, layi ɗaya: a tabbatar an cike dukkan gurabe. To na cike. Yanzu kuma an kawo wata kwamfutar ta karanta abin da waccan ta tilasta mini, ta ce mutanen kogi sun fi kowa lafiya. Kuma waɗannan waɗanda suka iso ne, Dokta. Waɗanda ba su iso ba suna can bakin ruwa ƙarƙashin 'yan gicciye, ba wanda ya taɓa rubuta su ko da ƙarya."

Dokta Tarcísio ya ajiye biro. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ya kamata in tambaya," ya ce. "Na ga lambar ta yi kyau da yawa, na ji daɗi maimakon in yi shakka."

Wannan ma ya ba ta haushi. Ta shirya wa gardama, sai ya ba ta gaskiya.

"To ka gyara mana," in ji Dona Bastiana. "Ga shi ka rubuta. Ka je ka faɗa wa injin naka."

Ya girgiza kai. Ya ce manhajar ba ta da wuyar sha'ani, abin da aka ba ta shi take koya. Amma ba shi da ikon taɓa bayanan hukuma saboda abin da wata ta tuna, komai kyan tunawarta. Sai wanda ya shigar da su ya rubuta cewa adireshin ba na gaskiya ba ne, ya jera na gaskiyar, ya sa hannu. In ba haka ba, taswirar da ke bango ita ce za ta je gaban majalisa ranar Juma'a.

Bai kalle ta ba da yake faɗa.  Dona Bastiana ta ɗauki rogonta ta ci gaba da gogawa, da ƙarfin da ya fi na ɗazu.

Ranar Laraba Valdirene ta wuni tana faɗa da kowa. Ta yi wa mai shara faɗa, ta yi wa wani mutum da ya zo da ciwon yatsa faɗa, ta yi wa firinta faɗa. Ta ce wa kanta ai ba ita ta tsara fom ba, ba ita ta kawo manhaja ba, ba ita za ta ɗaure jirgi ba, don me ita za ta ɗauki kayan kowa? Hujjojin duk daidai ne, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba ta sami kuskure ba. Da yamma ta zauna ta buga takardar, shafi uku, suna sittin da uku, kowanne da ƙauyensa.

Ranar Alhamis da safe ta shiga ofishin Seu Aldemir, Dokta Tarcísio na biye da ita da kwamfutarsa. A jingine da bango akwai wani ƙaton ƙyalle da aka riga aka buga, mai hoton magajin gari yana rungume da jariri, an rubuta cewa Porto Lindalva ta kawar da mutuwar yara a kogi.

Seu Aldemir ya karanta shafin farko, ya juya na biyu, ya ajiye.

"Dona Valdirene, ke da nake ganin mai hankali ce. Me ya kai ki?"

"Karanta na ukun, Seu Aldemir."

"Ba sai na karanta ba. Jiya na yi magana a rediyo. Surukina ya kira gwamna. Kin ga ƙyallen can? Yanzu so kike in fita in ce wa mutane, ku yi haƙuri, ashe yaranku suna mutuwa?"

"Ai sun sani. Su suka binne su."

Ya shafa sanƙonsa. Ya sassauta murya, ya koma irin wadda yake sayar da inji da ita. Ya ce takardar nan ba a sa mata hannu ba tukuna, don haka har yanzu ba takarda ba ce. Ta ɗauke ta ta koma teburinta, shi bai ga komai ba, Dokta ma bai ga komai ba. Ƙaramin asibiti a Rua das Mangueiras ai shi ma alheri ne.

"Wa za a duba a can? Dona Bastiana da kajinta?"

"Saura miki shekara biyu," ya ce. "In kika sa hannu, dole in dakatar da ke yau ɗin nan, in tura takardar sama a yi bincike. Ba ni na ce ba, doka ce. Kuma in ta tafi, ba ni da ikon dawo da ita. Kin gane?"

Ta gane.  Ta ɗauki biron da ke kan teburinsa, wani mai ruwan zinariya da aka ɗaure da sarƙa, ta ɗora a takarda. Bai rubuta ba. Ta girgiza shi, ta sake gwadawa, ko ɗigo. Ofishin sakataren lafiya guda, a ce babu biro mai rubutu. Ta zaro nata daga aljihun riga ta sa hannu a shafi ukun, har da kwanan wata.

Dokta Tarcísio ya buɗe kwamfuta a gefen teburin, ya shiga mai da kowane yaro ƙauyensu. Sai da ya gama ya saki manhajar ta sake koyo daga farko. Ya ce za ta ɗauki kamar minti arba'in. Suka zauna su uku suna jira. Seu Aldemir ya rubuta takardar dakatarwa da biron Valdirene, don nasa ba ya yi.

Da taswirar ta fito, ɗigon cikin gari ya ɓace. Kogin Tapuru ya koma ja tun daga tafki na farko, yana ƙara duhu yayin da ake hawa sama. Valdirene ta ɗauka za ta ji daɗi in ta ga haka. Ba ta ji ba.

"Yara nawa za su mutu?" ta tambayi Dokta.

"Nan da shekara biyar, in jirgin yana hawa yadda ya saba, kamar goma sha tara. In aka ɗaure shi, kamar talatin da ɗaya. Manhajar ta koyi bambancin ne daga garuruwan da suka rasa jirginsu, da kuma shekarar da injin jirginku ya lalace. Kuma na san ya fi haka, tunda waɗanda ba su iso ba ba su cikin lissafin."

"Waɗanne ne sha taran?"

"Ba ta san sunaye ba, Dona Valdirene. Yawancinsu ma ba a haife su ba."

Seu Aldemir ya daɗe yana kallon allon. Ya cire sha tara daga talatin da ɗaya a kan yatsunsa, leɓensa na motsi. Komai za a faɗa a kansa, mutum ne mai jikoki huɗu. Ya tashi ya juya ƙyallen ya fuskanci bango.

"Jirgi yana nan," ya ce. Sai fuskarsa ta fara washewa. "Za mu ce binciken da ofishina ya sa aka yi ne ya gano matsalar. Dokta, ka rubuta mini shi da kyau, da kalmomin da gwamna zai gane."

Valdirene ta miƙe. Ta karɓi takardar dakatarwarta, ta karɓi bironta, ta fita.

Ranar Asabar da sassafe ta sami kanta a tashar jiragen ruwa, ba tare da wani dalili ba. Ana loda wa Boa Hora kaya: akwatunan sanyi na rigakafi, kwalayen gishirin gudawa, sikelin awon jarirai, buhun garin rogo na ma'aikata. Matuƙin, Seu Gumercindo, yana tsaye a kan katakon hawa yana ta masifa wai an makarar da shi, ruwa zai janye kafin su kai Boca do Tatu. Bai san an kusa ɗaure masa jirgi ba, ba wanda ya faɗa masa.

"Dona Valdirene, yau ba aiki ne? Ɗan matsa mana, kin tare hanya."

Ta matsa. Aka janye katako, injin ya yi tari sau biyu ya kama, jirgin ya juya hanci ya nufi sama.

Goma sha biyu. Ta tsaya tana juya lambar a ranta, takaici na cin ta. Sittin da ukun nan ta san su, suna da suna da ƙauye, akwai ma tsohuwar da ta san ƙugiyar da uwar kowanne ta kwana. Amma sha biyun nan da ta ba da aikinta dominsu, ba za ta taɓa sanin ko ɗaya ba. Za su yi tari su warke, su yi gudawa a ba su ruwan gishiri, su girma su yi rashin kunya, su saci mangwaro, wataƙila wata rana ɗaya daga cikinsu ya bangaje ta a kasuwa bai ko ce sannu ba. Iyayensu ma ba za su san an taɓa lissafa 'ya'yansu cikin matattu ba. Babu wanda za ta nuna wa masu bincike ta ce, ga shi nan, saboda wannan na yi.

Ta share idonta da bayan hannu, tana jin haushin kanta. Jirgin ya sha kwanar farko, ƙarar injin ta daɗe tana isowa bayan an daina ganinsa. Sai da ta daina ji gaba ɗaya sannan ta buɗe lemarta ta kama hanyar gida.